Sallar Marasa Ƙauye

Shafi na 19

Assalamu alaikum, mutanen kirki. Na ga saƙonninku tun jiya, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban ci gaba ba za ta biyo ni asibiti ta zare ni daga bakin aiki. Ki huce, 'yar'uwa. Yanzu na shigo gida, ko takalmi ban gama cirewa ba.

Waɗanda suka same mu a tsakiya, ga inda muke. Mu huɗu ne da ba mu da ƙauyen zuwa idan birnin Dhaka ya watse da sallah. Ni Dilruba, ma'aikaciyar jinya. Yaya Ferdousi babbarmu, mai duba ɗinki a masana'antar tufafi, wadda mijinta ya rasu shekaru da dama. Bipasha malamar firamare, 'yar Hindu ce amma ta fi mu ɗokin sallah. Sai Mofiz direban adaidaita, namiji tilo a cikinmu, wanda kogi ya cinye garinsu har da kabarin iyayensa.

Jiya mun tsaya inda gas ya ɗauke a gidan Yaya Ferdousi ana tsakiyar girki, muka kwashi tukwane muka ce sai ɗakin Mofiz, shi kuma yana ta kame-kame.

Ɗakin nasa can saman rufin bene yake, ɗaki ɗaya, sai 'yar rumfar kwano a ɗaya gefen inda yake dafa shayi. Duk shekarun da muka yi tare, ranar muka fara taka shi.

Bipasha ce ta fara shiga. Ta tsaya ta kama ƙugu.

"Kai, Direba! Dama haka kake da tsafta kake hana mu zuwa? Ni na zata za mu tarar da tayar mota a kan katifa."

"Ku zauna dai," in ji shi.

Ko murmushi bai yi ba. Sabuwar farar rigar sallarsa ta jiƙe da gumi tun daga wuya. Ya duba waya, ya mayar aljihu, ya sake zarowa.

Bipasha ta ɗauko wata tsohuwar tukunya ta miƙa masa.

"Zuba."

Dokarmu ce ta kowace sallah. Wayoyi a tukunya, a rufe, a kai nesa, sai an suɗe faranti.

"Bipasha, yau dai ki bar min tawa. Akwai wani fasinja da..."

"Fasinja? Yau? Titin da muka biyo ko kare ban gani ba. Zuba, Yaya Mofiz, kafin in kira maka babbarmu."

Ya zuba. Ta kife murfi, ta kai tukunyar bayan tankin ruwa, ta dawo tana kaɗe hannu.

Muka shimfiɗa tabarma. Muka fara da shemai, taliyar madarar nan da Yaya take cika wa zabibi saboda Bipasha. Ga kaza, ga naman rago, don a tabarmarmu ba a kawo na shanu, tunda 'yan Hindu ba sa ci. Polao, shinkafarmu ta biki, kaɗai ya rage a kan wuta.

Yaya Ferdousi ta miƙe.

"Bari in je in sauke shinkafar nan. Kar wadda ta biyo ni. Ku biyun nan ko ruwan shayi ƙona shi kuke."

Tana fita Bipasha ta zungure ni da gwiwar hannu.

Kun tuna bara ni na kai wa Mofiz maganar Yaya, na ce me zai hana su rufa wa juna asiri su yi aure, ya sunkuyar da kai ya ce shi bai isa ba, bai kuma faɗi dalili ba. To bana ni da Bipasha mun ƙulla sai mun tsare shi ya faɗa.

Na gyara murya.

"Yaya Mofiz..."

Aka buga ƙofar bene kamar za a ɓalle ta.

Ya zabura har ya ture kofin ruwa.

Kafin ya kai, an riga an turo. Wata mata ce gajera, tana haki, gyalenta ya zame. A bayanta tana riƙe da hannun wata tsohuwa 'yar ƙarama cikin farin sari, yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu.

"Haba Malam Anowar! Tun ɗazu nake kiranka, waya tana ta ƙara ba ka ɗauka. Naƙuda ta kama 'yata, an wuce da ita asibiti, ba ni da wanda zan bar wa Inna. Ga uwarka nan. Ga maganinta a leda."

"Josna, tsaya, yau ba zai..."

"Ba zai me ba? Ni ta haifa ko kai? Kuɗin kula da ita kake ba ni, ba ka saye ni ba. Ni na tafi, mai keken haya yana jirana."

Ta danƙa masa hannun tsohuwar, ta juya. Muna jin ƙarar silifas ɗinta har ƙasa.

Ni da Bipasha muka kalli juna.

Mofiz ya durƙusa, ya taɓa ƙafafun tsohuwar, ya shafa a ƙirjinsa.

"Inna, sannu da hawa bene."

Ta lalubo kansa ta dafa.

"Anowar, da safe ka zo ka tafi ko loma ba ka kai baki ba. Haka ake sallah?"

Bipasha ta matso da bakinta kunnena.

"Ba ya ce uwarsa ta mutu ba?"

"Haka ya ce."

"To wannan fa?"

"Ni kike tambaya?"

"Kuma wane ne Anowar?"

Sunan ya ɗan taɓa ni, amma ban tsaya a kansa ba. Anowar a garin nan ko a layinmu sun fi a ƙirga.

Ya riƙo ta har kan tabarma. Gwiwoyinta rawa suke, numfashinta na fita sama-sama. Aikina ya motsa, na jawo matashi na jingina ta, na kama wuyan hannunta ina jin bugu.

"Muryoyin mata nake ji," in ji ta. "Su waye?"

"Ƙannena ne, Inna."

"Ƙanne? Kai kaɗai na haifa. A ina ka samo ƙanne?"



"A titi, Inna."

"A titi kuma!" Bipasha ta ce. "Inna, ki ji shi fa. Mu muka tsince shi a titi, muka wanke shi ya zama mutum."

Tsohuwar ta yi dariya, bakin ba haƙori.

"Wannan mai baki ce. Zo nan. Me nake jin ƙamshinsa, shemai?"

Bipasha ta zuba mata. Ta fara sha kamar a ɗakinta take.

Mofiz ya ja ni bakin ƙofa.

"Dilruba, don girman Allah ki je rumfa ki riƙe Yaya. Kar ta shigo ɗakin nan."

"Don me?"

"Ki riƙe ta kawai, kafin in samu in sauka da Inna."

"Matar da ko tsayuwa ba ta iya yi? Sai ta huta, in ba so kake ta faɗi a matattakala ba. Yaya Mofiz, uwarka ce ko ba uwarka ba ce?"

"Eh. A'a. Dilruba, ba yanzu ba."

"Eh ko a'a?"

"Ki je!"

Tunda na san shi bai taɓa ɗaga min murya ba. Na fita kaina a ɗaure.

Na tarar da Yaya ta buɗe tukunya, tururi ya rufe mata fuska, tana watsa soyayyar albasa a kai.

"Ban ce kar ku biyo ni ba?"

"Yaya, kamar bai nuna ba."

"Me bai nuna ba?"

"Polao ɗin."

Ta juyo ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Ke za ki koya min?"

"A'a. Yaya, kin ga hadari can gabas?"

"Dilruba, me kika fasa?"

Ni dai ban iya ƙarya ba, kun sani.

"Baƙuwa aka yi."

"To shi ne kike tsare ni? Ranar sallah ake ɓoye baƙo? Ɗauko ƙarin faranti."

"Uwar Mofiz ce."

Ludayin ya tsaya a hannunta.

"Uwar Mofiz tana ƙarƙashin kogi."

"Ni ma haka na sani."

Na ga abin ya sosa mata rai, don a cikinmu ita ce take raka shi bakin ruwa duk shekara ya yi wa iyayensa addu'a. Amma sai na ga ta ajiye ludayin, ta goge gumin fuskarta da gefen gyale, ta gyara shi ya rufe gashinta sosai. Har da duba ko miya ta ɗiga a sarinta.

Tausayinta ya kama ni. Na san me take tunani. Uwar Mofiz za ta gaisar.

"Ko ma mene ne, uwa ce," ta ce. "Maganar ƙarya kuma sai bayan abinci. Riƙe min labule."

Ta ɗauki tukunyar da tsumma. Na bi ta a baya ina addu'ar da ban san ta me ba ce.

Ta sa ƙafa ɗaya a ɗakin, ta tsaya.

Ba ta yi ihu ba. Ba ta saki tukunyar ba. A hankali ta sunkuya ta ajiye ta a ƙasa, ta miƙe, idanunta a kan tsohuwar.

Mofiz ya zame ya zauna daɓas a bakin katifa, ya rufe fuska da tafin hannu.

"An kawo shinkafa," in ji tsohuwar tana shaƙar iska. "Wa ya shigo? Ita ma ƙanwar titi ce?"



"Yayarmu ce, Inna," Bipasha ta ce, tana kallon Yaya, tana kallona. "Ita ta yi girkin."

"To ta zo ta zuba min mana. Ko sai na roƙa?"

Na yi zaton Yaya za ta juya ta fice. Sai ta durƙusa. Ta jawo faranti, ta zuba polao, ta zaɓo tsokar kaza mai laushi ta yayyaga da yatsu, ta cire 'yan ƙasusuwa. Hannunta ne kawai yake aiki, fuskar kamar ba tata ba.

"Ba ta magana ne? Bebiya ce?"

"Kunya take ji, Inna."

"Kunya abu ne mai kyau. Ku 'yan birni ba ku da ita."

Ta lalubo hannun Yaya ta riƙe, tana shafa tafin.

"Hannun mai aiki. Kina da miji?"

Yaya ba ta motsa ba.

"Ya rasu, Inna," ni na amsa.

"Allah ya jiƙansa. Ki yi haƙuri, yarinya. Amma ki tabbata kin ga gawa. Ni ma nawa haka aka ce min ya mutu a teku, na yi kuka har idanuna suka tafi. Ashe ƙarya ce. Ga shi nan zaune."

Ta nuna wajen da Mofiz yake, ta ɗan kuskure, ta nuna bango.

"Inna, ki ci abinci," in ji shi.

"Ka bar ni in yi hira, kullum ni kaɗai nake wuni da Josna da rediyonta. Ku 'yan mata, ɗan nan nawa yana da mata fa. Yarinya ce mai hankali. Ni na kore ta."

Bipasha ta tsaya da loma a hannu.

"Ranar da labarin ya zo na watso mata kayanta tsakar gida. Na ce ita ta tura min ɗa. Awarwaronta ta sayar ta ba shi ya hau jirgin ruwan nan na masu zuwa Malesiya. Na ce ta cinye shi. Ko takaba ban bari ta gama a ɗakinta ba. Ana ruwa ta fita."

Ta saki hannun Yaya ta share bakinta.

"Da ya dawo na ce ya nemo ta. Kullum sai ya ce yana nema. Anowar, ka samo ta kuwa?"

"Ina nema, Inna."

"Kun ji ko? Kullum ke nan. Ku da kuke yawo a gari, in kun ji labarinta ku gaya masa. 'Yar Sirajganj ce, doguwa, tana da tabo a haɓa. Ferdousi sunanta."



Na kalli haɓar Yaya, kamar yau na fara ganinta. Na kalli Mofiz. Na sake kallon Yaya. Kaina ya kasa haɗa komai. Tsohuwar nan uwar mijin Yaya ce. Tsohuwar nan kuma tana cewa Mofiz ɗanta ne. To Mofiz mijin Yaya ne? Shekara da shekaru suna cin abinci a tabarma ɗaya?

Bipasha ta buɗe baki, na danne mata ƙafa.

Yaya ta cakuɗa shinkafa da romo, ta dunƙula 'yar ƙaramar loma, ta kai bakin tsohuwar.

"Ci, Inna."

Kalma biyu kawai.

Tsohuwar ta karkata kai.

"Wa ya yi magana?"

Yaya ta ƙara matso mata da lomar.

"Kamar na san muryar nan."

Ta jira. Mu ma muka jira. Can sai na ga abin ya kuɓuce mata, kamar yadda yake kuɓuce wa tsofaffin da nake jinya. Ta buɗe baki ta karɓi lomar, ta tauna.

"Gishiri ya ji daidai," ta ce.

Yaya ta ci gaba da ba ta har ta kawar da kai ta ce ta ƙoshi. Ta ba ta ruwa. Ta goge mata baki da gefen gyalenta. Sannan ta wanke hannu a kwano, ta miƙe.

Ta nuna Mofiz da yatsa, ta nuna ƙofa. Ta juyo gare ni ta yi min alama in biyo su.

"Ni fa?" Bipasha ta yi raɗa.

"Zauna da ita," na ce.

"Me zan ce mata?"

"Ki yi mata waƙa, ni dai ban sani ba."

A waje rana ta take. Garin shiru, ba hon, ba hayaƙi, sai tantabarun maƙwabta da suke zagaya sama. Yaya ta wuce har bayan tankin ruwa inda muryarmu ba za ta kai ɗakin ba.

Ban iya riƙe bakina ba.

"Yaya, ko shi ne?"

"Shi ne wa?"

"Mijin naki."

"Ke kina da hankali kuwa? Zan kasa gane mutumin da na kwana ɗaki ɗaya da shi?"



Ta juya ga Mofiz.

"Wane ne kai?"

"Mofiz ne ni, Yaya."

"Kar ka ce min Yaya. Wane ne kai?"

"Wallahi Mofiz ubana ya raɗa min. Garinmu kogi ya cinye. Uwata ta rasu. Duk abin da na gaya muku a kaina gaskiya ne."

"To me ya sa uwar mijina take kiranka da sunan mijina?"

Ya kama ƙarfen tankin ya riƙe.

"A jirgi na san shi."

"Wane jirgi?"

"Wanda ya tashi daga Teknaf. Kusa da juna aka cusa mu a ƙasan jirgin, gwiwata a bayansa. Ruwan da ake ba mu a murfin gora, shi yake raba nasa da ni, don zazzaɓi nake. Da aka sauke mu a daji aka tsare mu, tare muka zauna. Ba abin da ban sani ba a kanki. Har tabon haɓarki ya gaya min a bakin rijiya kika same shi."

Yaya ta kai hannu haɓarta, ta yi saurin saukewa.

"Ka taɓa fita ƙasar waje?" na ce. "Kai da ka ce mana ko Chittagong ba ka taɓa zuwa ba?"

"Wannan kam na yi ƙarya."

"Yanzu fa ka rantse duk abin da ka gaya mana gaskiya ne!"

"Dilruba, yi min shiru," in ji Yaya. "Ci gaba."

"Da aka kama mu aka dawo da ni gida, na daɗe ban iya zuwa ko'ina ba. Daga baya na je Sirajganj in gaida Inna. Na tarar ke ba kya nan. Ita kuma tana zaune a ƙofar ɗaki, ido ya tafi, maƙwabta ke ba ta abinci. Na yi sallama kawai. Ta miƙe ta rungume ni tana kiran Anowar."

"Sai ka amsa."

"Ban amsa ba. Na ce mata ni abokinsa ne. Ta faɗi, ta daina cin abinci. Matan unguwa suka ce in rufa mata asiri in amsa, ko na kwana biyu ne, tunda ba daɗewa za ta yi ba."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Ga shi har yau. Da ruwa ya fara cin bayan gidan na ɗauko ta na kawo ta nan, na kama mata ɗaki wajen Josna. Can kowa Anowar ya san ni."

"Duk safiyar sallah da kake cewa layin masallaci ne ya riƙe ka..." in ji Yaya.

"Wajenta nake."

Yaya ta gyaɗa kai a hankali. Na zata ta huce. Har na fara jin tausayinsa, na fara shirya yadda zan ce a koma a ci abinci kar ya huce.

"Ranar ambaliya," ta ce.

Ya sunkuyar da kai.

"Ranar da ruwa ya kai mana gwiwa a ƙofar masana'anta, duk masu adaidaita suka wuce mu, kai ka tsaya. Ka kai ni gida, ka ƙi karɓar ko sisi. Na ce Allah ne ya jefo min ɗan'uwa. Na gaya wa yaran nan haka ya fi sau nawa. Allah ne ya jefo ka?"

"Na daɗe ina jiranki a ƙofar. Ban san ta inda zan fara ba."

"Wato nemana ka yi."

"Eh."

"Ka same ni."

"Eh."

"Ka zauna a tabarmata, ka ci abincina, na yi maka jinya da ka karye, na kira ka ɗan'uwa a gaban duniya. Matar can tana ce maka ka nemo ni, kana ce mata kana nema. Daga wajenta kake tahowa gidana da gumin hannunta a kanka."

"Na ji tsoro."

"Tsoron me?"

"In kin sani za ki kore ni. Ni kuma ban da ku ba ni da kowa."

Hawaye suka zubo masa. Ni ma idona ya cika. Gaskiya ya faɗa, dukkanmu haka muke, shi ya sa muke dafa tukunya ɗaya.

Amma Yaya ba ta kalli hawayensa ba. Wani abu take lissafawa, na gani a goshinta.

"Mutumin da ya kira ni," ta ce.

Bai ɗago ba.

"Ina tsakar gida ina shanya barkono, aka kira wayar maƙwabciyarmu, aka ce da matar Anowar ake son magana. Wani namiji ya ce min Anowar ya rasu a hanya, a yi haƙuri. Na ce wane ne kai, ya kashe. Na yi ta kiran lambar ba ta shiga. Kai ne?"

"Ni ne."

Na dafe tankin. Zafin ƙarfen ya ƙona ni, ban ma ji ba sai daga baya.

Daga ɗaki muka jiyo muryar Bipasha, da gaske waƙar take yi, tsohuwar tana tafa mata.

Yaya ta matso dab da shi. Muryarta ta sauka, ta yi laushi, irin wadda take yi mana idan ɗayanmu ba shi da lafiya.

"To shi ke nan. Na ji. Ban ce na yafe ba, amma na ji. Abu ɗaya nake so, wanda na rasa mai gaya min duk shekarun nan. Ya sha wahala?"

Ya kawar da kai.

"Mofiz. Ya sha wahala kafin ya cika?"

"Yaya..."

"A jirgi ne ko a dajin? Kun samu kun yi masa wanka? An yi masa sallah, ko mutum uku ne? Ba zan yi kuka ba, na gama kukana tuntuni. So nake in san inda zan fuskanta in ina yi masa addu'a."



Na dubi fuskarsa. Na sha ganin irin wannan fuskar a asibiti, fuskar ɗan'uwan mara lafiya da ya san abin da bai gaya wa likita ba.

"Ka ga gawarsa?" ni na tambaya. Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

Ya kalle ni kamar na soke shi.

"Amsa mata," in ji Yaya.

"Ban gani ba."

"Wa ya gani?"

"Babu."

"To wa ya gaya maka ya mutu?"

Ya zame jikin tankin har ya kai ƙasa, farar rigar ta kwashi tsatsa.

"Ba wanda ya gaya min, Yaya. Shi da kansa ya ba ni lambar. Yana tsaye a gefena lokacin da na kira ki."